Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Legas: A Ƙirga Mu Kafin A Auna Bakin Kanal

Mai girma Gwamna Babajide Sanwo-Olu,

Ranka ya daɗe. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na Alausa, fadar gwamnatin jiha.

Da gangan na rubuto wannan takarda da Hausa. Na san ofishinka ba zai rasa mai karanta maka ba. Mutanen da nake magana a kansu kuwa, in da Turanci na rubuta, yawancinsu sai dai a ba su labari. So nake idan an idar da isha'i wani yaro ya buɗe wayarsa a ƙofar masallaci ya karanta wa dattawan unguwa, su ji abin da aka faɗa da yawunsu, inda na yi kuskure su gyara mini.

Ni haifaffen Ijora ne, a nan aka binne cibiyata. Kakana ya riƙa zuwa Ikko a taragon shanu daga Kano, ya sauka a Iddo, ya koma da huhunan goro, har wata shekara ya zo bai koma ba. Mahaifina ya yi gadi a wani sito na hanyar Apapa har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuma sana'ata gwangwan. Ina sayen tsohon ƙarfe da alminiyom da tagulla a hannun yaran da ke zaga gari da kura, in auna, in tara, in loda mota zuwa kamfanonin narka ƙarfe na wajen Ikorodu. 'Ya'yana biyar duk a nan aka haife su, Yarbanci a bakinsu kamar Hausa. Na kawo wannan ne saboda duk lokacin da maganar rusau ta taso, abin da aka fi saurin ce mana shi ne mu koma garinmu. Kabarin kakana da na mahaifina a Legas suke. Kuma ba jiya Bahaushe ya fara kwana a wannan birni ba: tun 1863 Kyaftin Glover ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda daga gare ta sojan Najeriya ya samo tushe. Agege da Obalende da Idi-Araba shaida ne.

Bayan gidan da nake haya akwai kanal. Ruwansa baƙi ne wuluk, mai kauri kamar kunun da ya kwana, idan rana ta buga sai ka ga baƙin mai yana sheƙi a samansa launi-launi. Leda da robar lemo da fararen robobin zuba abinci sun yi masa murfi, har kaza kan taka ta tsallaka. Da sassafe kafin iska ta motsa, warinsa har cikin kofin shayi yake shiga. Mahaifina ya ce da suna yara sun kama tarwaɗa a cikinsa. Ni ban riski wannan ba. Abin da na riska shi ne ƙarshen zamanin jiniya, lokacin da ƙarfe shida na yamma ma'aikata ke fitowa daga kamfanoni kamar an buɗe dam, masu shayi da masu tsire da masu yankan farce suna jiransu a bakin ƙofa. Tsohuwar tashar lantarki ta Ijora, wadda ta fara aiki tun 1923, da ma'aikatar reluwe ta Ebute Metta, da tashar jiragen ruwa ta Apapa, su suka tara jama'a a wannan fadama. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 masana'antu suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, a 1991 gwamnatin tarayya ta tattara ta koma Abuja, aka bar mana kangon sito da tsatsa da wannan ruwa.

Ranar 3 ga Yuli, 2024, da aka wuni ana tafka ruwa a Legas, tun kafin gari ya gama wayewa maiɗakina ta dafa ni ta ce, "Malam, tashi, ya shigo." Na sauko da ƙafa sai na ji ta cikin ruwa har idon sawu. Muka ɗora katifa kan bulo huɗu, muka ɗora ƙananan yara kan tebur, Alƙur'ani da takardun makarantar yara muka zuba a bokiti muka ɗora saman kwaba. Maƙwabciyarmu Bayarabiya, wadda kowa ke kira Iya, ɗakinta ya fi namu gangare, ta taga ta miƙo mini jikanta ɗan wata bakwai a naɗe cikin zani, ita tana tsaye ruwa har gwiwa tana riƙe da tukunyar kokon da take sayarwa. Da ruwan ya janye ya bar mana baƙin laka a ƙasa da bango, kwana uku muna kankara. Ƙafafun autana suka feso da ƙuraje. A daminar nan ce kuma kwalara ta ɓarke a jihar.

Saboda haka, ranka ya daɗe, duk wanda ya ce maka mutanen bakin kanal ba sa son gyara, bai faɗa maka gaskiya ba. Babu wanda ya fi mu son a yashe wannan ruwa. Mu muke shaƙarsa, 'ya'yanmu sauronsa ke cizo. Da aka hana robar zuba abinci a farkon 2024 ni na yi murna, domin na san inda take ƙarewa. Damuwarmu ɗaya ce: kada ranar da ruwan ya yi tsabta ta zama ranar da babu ko ɗayanmu a wurin.

Ba zargi nake yi a kan iska ba, da idona nake gani. Tun da jirgin ƙasa na Blue Line ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a Satumban 2023, yana tsayawa a National Theatre da Iganmu, lissafin ƙasar nan ya canza. Jirgin Red Line ma ya iso Oyingbo. An gyara babban ɗakin wasan kwaikwayo na ƙasa da kuɗin bankuna, an sa masa sunan Wole Soyinka. Wurin da a da ɗan tasi ke ƙin kawo ka da dare, yau mintuna kaɗan ne tsakaninsa da Marina. Masu kuɗi ba sa barci, sun riga sun gani. Siton da mahaifina ya yi wa gadi an shafe shi da farin fenti an sa masa na'urar sanyaya ɗaki, ɗakin biki ne yanzu. Na kusa da shi an kewaye shi da kwano, an kafa allo da hoton dogon bene da itatuwa da ruwa shuɗi a gabansa. Ruwan nan shuɗi na cikin hoto, kanal ɗinmu ne. Na daɗe a tsaye ina kallon hoton. Akwai mutane a ciki suna yawo da kare, akwai masu shan lemo a ƙarƙashin laima. Babu mai kura, babu mai shayi, babu Iya.

Wata Talata da hantsi ina kan sikeli ina auna wa wani yaro buhun gwangwani, sai ga mutum uku da hular kwano. Ɗaya na saɓe da na'urar safiyo mai ƙafa uku, ɗaya da tef, na ukun da gwangwanin jan fenti. Suka ja tef daga bakin ruwa, suka buga turaku, suka bi bango suna zana alama. Suka zana a jikin rumfar mai shayi, suka zana a bangon islamiyya yara na ciki suna karatu. Wani dattijo da ya haura shekara saba'in, wanda ya yi dako a Apapa har bayansa ya lanƙwashe, ya dogara sanda ya matsa ya ce wa mai fentin, "Ɗana, lafiya dai ko?" Yaron ya ce masa da broka shi dai aiko shi aka yi. Ba takarda, ba suna, ba rana. Suka shiga mota suka tafi. Tun daga ranar mai shayin nan ya daina sayen kwalin madara, sai gwangwani biyu-biyu, ya ce ba zai tara kaya katafila ta bi ta kai ba. Malamin islamiyya yana kwashe allunan yara zuwa gidansa kowane dare.

Ni tawa korar ba da katafila ta zo ba. Mai gidanmu, dattijon kirki da ya shekara ashirin yana karɓar haya a hannuna, wani lokacin in biya rabi ya ce in kawo sauran bayan salla, Allah ya yi masa rasuwa. Magada suka sayar wa wani kamfani. Dillali ya zo ya ce ko dai haya ta ninka uku a biya shekara biyu a dunƙule, ko kuma ga wa'adin wata shida. Na ce masa dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da shekara guda. Ya ce dokar ta cire Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA, mu kuma ai ƙarƙashin Apapa muke. Ranka ya daɗe, mai hankali ya san wace Apapa masu dokar ke nufi. Ba ɗakin kwano na bakin kanal suke nufi ba. Amma talaka ba shi da lauyan da zai je ya yi wannan jayayya, kuma ko ya yi nasara, wa'adin wata shidan yana nan. Gidaje huɗu a layinmu haka ta faru da su. Ba a rushe komai ba, ba a harba barkonon tsohuwa ba, babu ɗan jaridar da ya zo. Unguwa ce kawai ta fara kyau, ta fi ƙarfin masu ita.

Abin da ya sa jan fenti ke hana mu barci, tarihi ne da kowa a nan ya haddace. Shi kansa ɗakin wasan da aka gyara, a kan ƙasar mutanen ƙauyen Oluwole aka gina shi. A 1973 gwamnatin soja ta tashe su domin shirin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, aka turo da yawansu Badia, cikin fadama, suka cike ta da hannunsu da shara da yashi har ta zama wurin kwana. Shekara arba'in bayan nan, ranar 23 ga Fabrairu, 2013, katafila ta shiga Badia ta Gabas da safe. Ƙungiyar Amnesty ta ce mutanen da abin ya shafa sun kusa 9,000. Na ga mata suna kwana a gefen layin dogo da jarirai a ƙarƙashin leda. Abin da ya fi ciwo, Badia na cikin unguwannin da Bankin Duniya ya ba da bashin dala miliyan 200 domin a kyautata. Ɗan abin da aka ba mutane sai a 2014 ya fito, bayan da yawa sun watse. A 2015 aka sake rushe wani ɓangaren. Kafin wannan akwai Maroko, Yulin 1990, mutum wajen 300,000 da wa'adin kwana bakwai, kuma kowa ya san irin benayen da ke tsaye a wurin yau da irin mutanen da ke ciki. Akwai Otodo Gbame a gefen Lekki, tsakanin ƙarshen 2016 da Afrilun 2017, mutum sama da 30,000, wasu a cikin kwalekwale suka kwana. Na san ba kai ne a kujerar ba lokacin waɗannan. Amma gwamnati ɗaya ce, hatiminta ɗaya, kuma rusau ɗin Oworonshoki a 2023 a zamaninka ne.

A watan Yunin 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke hukunci cewa tashin mutanen bakin ruwa ba tare da isasshen wa'adi da wurin komawa ba ya saɓa wa tsarin mulki, ta kuma ce a zauna da su a tattauna. Kotun jiharka ce ta faɗa. Abin da nake roƙo bai wuce abin da alƙali ya riga ya rubuta ba.

Zan yi adalci. Na san an rushe manyan gidaje a Ikota a 2023 saboda sun hau hanyar ruwa, ba talaka kaɗai aka taɓa ba, kuma na yaba da wannan. Ruwa ba ya sanin mai kuɗi, dole a ba shi hanyarsa. Bambancin dai shi ne, wanda aka rushe wa bene a Lekki a wani gidansa zai kwana a daren, da safe lauyansa na kotu. Wanda aka rushe wa ɗaki a Ijora ƙarƙashin gada zai nufa. Da jami'anka suka gano ɗakuna 86 a ƙarƙashin gadar Dolphin a 2024, ana biyan naira 250,000 a shekara, mutane da yawa sun yi mamaki. Mu ba mu yi ba. Wanda ke da naira 250,000 ba mabaraci ba ne, ma'aikaci ne da birni ke buƙatar hannunsa amma bai tanadar masa wurin kwana ba. Duk unguwar da aka share ba tare da an san inda mutanenta za su ba, wata ƙarƙashin gada aka cika.

To ga babban roƙona, kuma in za a ɗauki abu ɗaya tak daga wannan takarda, wannan nake so a ɗauka. Kafin safiyo ya ja tef, a turo masu ƙirga. A bi ɗaki-ɗaki, rumfa-rumfa, a rubuta wanda ke ciki, shekara nawa ya yi, me yake yi, yara nawa ke zuwa wace makaranta. A liƙa jerin sunayen a bangon masallaci da coci da ofishin ƙaramar hukuma, da Yarbanci da Hausa da Turanci, wanda aka tsallake ya zo ya yi magana. Dalili kuwa, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna a matsayin amana, idan kuma aka karɓi wuri, mai takarda ake nema a biya. A nan mafi yawanmu 'yan haya ne. Ƙasar ta iyalan sarauta ce ko ta gwamnati, ginin na wani ne, mu dai masu kwana ne a ciki. Idan aka zauna teburin sulhu, mai ƙasa na nan, mai gini na nan, kamfani na nan, wanda ya shekara talatin yana biyan haya yana kwashe laka ba ya nan. Wanda ba a rubuta sunansa kafin rusau ba, bayan rusau ba shi da hanyar tabbatar da cewa ya taɓa zama a wurin. Rasit ɗinsa ma yana ƙarƙashin ɓaraguzai.

Sai maganar inda za a kai mutum. Mu ba son warin kanal ya zaunar da mu a nan ba, abinci ne. Ɗan dako dole ya kwana kusa da Apapa. Ɗan ga-ruwa kura yake turawa da jarka goma ko sha biyu, ba zai turo ta daga Ikorodu ba. Ni ƙarfen da nake saye daga garejin Ijora da Iganmu da Costain yake fitowa. Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, har da Apapa da Surulere da Lagos Mainland, samari da yawa suka koma dako da bola, wato sun ƙara jingina da unguwar nan. An gina wa masu yankan katako na Oko Baba sabon wuri a Agbowa, kuma gina wuri ya fi kora hannu rabbana nesa ba kusa ba. Amma duk wanda ya san tazarar Ebute Metta da Agbowa ya san ba kowane leburan injin katako ne zai iya bi ba, balle mai sayar musu da abinci. Mun kuma ga Tejuosho. Kasuwa ta ƙone a 2007, aka gina sabuwa mai kyau aka buɗe a 2014, kuɗin shago ya fi ƙarfin yawancin waɗanda wuta ta cinye wa kaya, suka koma bakin titi jami'ai na kora. Ina roƙo a cikin duk taswirar da za a zana wa Ijora da Badia da Iganmu a ware fili na sana'a tun farko: layin makera da masu walda, wurin auna ƙarfe mai daɓen siminti da magudana, rumfunan da ake biya wata-wata. Kuma duk kamfanin da za a ba izinin ɗaga bene a tsohon filin masana'anta, a rubuta masa cikin sharaɗi cewa wani kaso na ɗakunan na haya ne mai sauƙi, waɗanda aka ƙirga su ne na farko a layi.

Wannan ba mafarki ba ne, an yi a wani wuri. Ɗan yayana da ke tuƙin tasi a New York ta Amurka ya taɓa ba ni labarin wata unguwa a Brooklyn mai suna Gowanus, na bi na karanta. Kanal ne da aka haƙa tun ƙarni na 19, masana'antun gas da na jima da na fenti suka shekara fiye da ɗari suna zuba masa dagwalo, har lakar ƙasansa ta zama guba. A 2010 gwamnatin tarayyarsu ta sa shi cikin jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar, ta ce waɗanda suka ɓata su za su biya kuɗin yasa. Da ƙasa ta yi daraja masu gini suka yi ca. Mazauna ba su ce kada a gina ba, sun ce sai da sharaɗi, suka shekara da shekaru suna ja. A 2021 majalisar birnin ta amince a gina gidaje wajen 8,000, kusan 3,000 daga ciki na haya mai rangwame, aka kuma ware dala miliyan 200 domin gyara tsofaffin gidajen gwamnati na talakawan unguwar. Duk da haka haya ta yi tsada a can, ƙananan masu sana'a da dama sun tashi. Abin da na ɗauka a labarin shi ne, in har inda aka yi sharaɗi a rubuce talaka da ƙyar ya tsira da wani abu, to inda ba a rubuta komai ba fa?

Akwai darasi na biyu a labarin, kuma wannan ya shafi har masu kuɗin da za su sayi benayen. Ƙasar nan ta sha abubuwa. Shekara da shekaru baƙin mai da ruwan batir da rini da fenti suna nutsewa a cikinta. Idan aka zuba yashi aka shimfiɗa ciyawa, ido ba zai gani ba, amma rijiyar burtsatse za ta jawo shi. Mu 'yan Arewa mun san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu kafin a gane daga ƙasar da suke wasa a kai ne. Ina roƙo hukumar kare muhalli ta jiha ta gwada ƙasa da ruwan kowane tsohon filin masana'anta kafin a sa tubali, a bayyana sakamakon kowa ya gani. Lakar da za a yaso daga kanal kuma a kwashe ta a kan lokaci. Sau da yawa akan tara ta a bakin ruwa, yara su yi wasa a kai, ruwan sama na gaba ya mayar da ita inda ta fito.

Ba zan rufe wannan takarda ina nuna wasu da yatsa ba tare da na faɗi namu ba, domin dattawan da za a karanta wa sun san gaskiya. Muna zuba shara a kanal. A cikin 'yan sana'ata akwai masu ƙona waya da dare domin su cire tagulla, hayaƙin na shiga ɗakin masu jego. Akwai masu fasa batir su tuttular da ruwansa a ƙasa. Akwai masu sayen murfin kwalbati da ƙarfen gada alhali sun san na sata ne, su suka ja mana baƙin jinin da ake yi wa duk mai tura kura kallon ɓarawo. Ni na daina sayen batir shekara huɗu da suka wuce, duk da ribarsa, kuma duk yaron da ya kawo mini ƙarfen gwamnati ba ya sake hawa sikelina. 'Yan uwana, mu yi rajistar zama ta jihar Legas mu karɓi kati, mu da matanmu. Mu riƙa karɓar rasit ɗin haya, mu ɗauki hotonsa a waya mu tura wa wani ɗan uwa ya ajiye. Mu shiga ƙungiyar ci gaban unguwa tare da Yarbawa da Ilaje da Ibo maƙwabtanmu, domin katafila ba ta tambayar yare. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, Allah ya ja zamaninku, idan an kira ku taro a Alausa ku tafi da jerin sunaye da taswira, ku dawo ku tara mu ku faɗa mana abin da aka ce da abin da kuka sa wa hannu. Idan kuma gwamnati ta kawo motar shara da ke shigowa lungu a kan lokaci da kuɗin da talaka zai iya biya, mu za mu tsare bakin kanal da kanmu, mun san mai zubawa da lokacin da yake zubawa.

Ranka ya daɗe, ina gayyatarka, ko kwamishinan muhalli, ko na tsara birane. Ba ranar buɗe aiki ba, lokacin da aka share hanya aka kafa rumfa. Ku zo da safe bayan an kwana ana ruwa, ku bar mota a bakin titi ku taka katakon da muke tsallakawa. Zan nuna muku inda ruwa ya kai a bangon ɗakina, alamar na nan ban shafe ba. Zan nuna muku jan fentin da ke bangon islamiyya. Dattijon nan mai sanda zai nuna muku inda kanal ya tsaya a da kafin a cike gefensa, ya fi kowace taswira sani. Iya ta ce in kun zo ita ma tana da magana.

Wa'adin da dillali ya ba ni zai cika nan da wata huɗu. Babbar 'yata za ta rubuta jarrabawar fita sakandare a makarantar da take zuwa da ƙafa daga nan, ina neman ɗaki a kusa ban samu wanda zan iya biya ba tukuna.

Na gode da saurare. Allah ya taya ka riƙo, ya ba jihar Legas zaman lafiya.

Naka,
Wani mai sana'ar gwangwan,
Ijora, Legas.